MU RUBUTA MUSIBUNMU: DARASI DAGA BAGAUDA ZUWA KUDUDDUFIN BAYAN GARI



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau ya ɗan sha bamban da waɗanda muka saba. Magana ce a kan ƙidaya: ƙidayar ambaliya, gobara, hatsarin mota, rushewar gini da nutsewa a ruwa, da yadda wannan ƙidayar take zama sanadin tsirar rayuka da izinin Allah. Ina roƙon ku karanta har ƙarshe, musamman limamai, masu unguwanni da malaman Islamiyya na yankinmu, tun daga Dangora da Kiru har Bebeji, Tudun Wada da Doguwa.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A damina biyu a jere na yi wa yara uku sallah, duk ruwa ne ya ci su. Ɗaya almajiri ne ya je wanki, ɗaya wanka suka tafi da abokansa, ɗayan kuma tumaki ya kora su sha ruwa. Ranar jana'izar na ukun, muna dawowa daga maƙabarta, wani dattijo cikin masu haƙa kabari ya riƙo hannuna ya ce: "Malam, ka kuwa lura duk a kududdufi ɗaya ne? Kuma duk ta gefen da ake ɗibar ƙasar bulo?" Na yi shiru. Wallahi ban lura ba. Ni na yi musu sallah, ni na yi wa iyayensu nasihar haƙuri, amma ban taɓa jera su ukun nan wuri guda na dube su ba. Dattijon ya ƙara da cewa tun kafin in fara limanci ruwan nan ya ci wasu. Na ce su nawa, Baba? Ya ce shi dai ba zai iya yankewa ba. Na tambayi wasu, wannan ya ce biyu, wancan ya ce biyar. Babu wanda ya rubuta.

Ranar na kwana ina juyi. Kowane mutum ɗaya da ya rasu mun kira shi tsautsayi, kuma haka ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma da aka haɗa su, sai ga wuri ɗaya, lokaci ɗaya na shekara, yara masu kusan shekaru ɗaya. Abin da ya zama haka yana da magani a hannunmu: a killace gefen, a hana ɗibar ƙasa a wurin, a gargaɗi malaman tsangaya. Rashin rubutu ne ya hana mu gani.

SHIN WANNAN JAYAYYA CE DA ƘADDARA?

Na san wani zai ce: Malam, abin da Allah Ya rubuta ai babu makawa, mene ne na ƙirga gawarwaki? To, mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma babu ran da zai mutu kafin ajalinsa. Sai dai wanda ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya koya mana riƙo da sababi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa (Radiyallahu anhu) cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da aka ba Manzon Allah (Sallallahu alaihi wa sallam) labari, sai ya umarci mutane su riƙa kashe wuta idan za su kwanta barci. Ku dubi tsarin nan da kyau. Abu ya faru, an kai rahoto ga shugaba, an gano sanadi, an fitar da doka domin kare sauran gidaje. Gida ɗaya ne ya ƙone, amma darasin ya game al'umma har zuwa yau.

Haka nan Bukhari ya kawo daga Huzaifa (Radiyallahu anhu) cewa Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya sa a rubuta masa adadin waɗanda suka furta Musulunci, aka rubuta mutum 1,500. Ashe ƙidaya da rubutu aiki ne da aka yi da umarninsa.

Sannan ga ƙissar Umar ɗan Haɗɗabi (Radiyallahu anhu) lokacin da ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a gaba. Ya tara Muhajirai da Ansar ya yi shawara, ƙarshe ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ake yi. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kora su. Bayan haka Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take ciki, ya kuma hana na ciki fita don gudu.

Suratu Yusuf kuwa gaba ɗaya makaranta ce a wannan fanni. Shekara bakwai na yalwa, shekara bakwai na tsanani, sai shekarar ruwa. Annabi Yusuf (Alaihis salam) ya ba da lissafin shekarun, ya ba da shawarar a bar hatsi a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci. Duk manomin da ya taɓa zuba damin gero a rumbu ya san hikimar wannan. Labarin abin da ke tafe ya zo, aka mayar da shi tanadi, ƙasa ta tsira.

Don haka tambayar da ta kamace mu ita ce: wane sababi Allah Ya hore mana, muka ƙi riƙo da shi?

ABIN DA BAGAUDA TA KOYA MANA

Mu mutanen Kano ta kudu muna zaune ne a kan hanyar ruwa. Daminarmu ta fi ta arewacin jihar nauyi. Kogin Kano yana gangarowa daga tuddan kudu, ya ratsa dajin Falgore, ya zube a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga nan ruwan yake tafiya gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, ya wuce har Haɗejia. Alheri ne babba, amma duk wanda yake kwana kusa da ruwa dole ya san halinsa.

A watan Agustan 1988, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar Bagauda da ke ƙasar Bebeji ta ɓalle. A lokacin ko haifata ba a yi ba, amma duk dattijon da ka tambaya a yankin nan zai ba ka labarin. Alƙaluman da masu bincike suke yawan ambata game da ambaliyar Kano ta wannan shekarar su ne mutum 146 sun rasu, gidaje 18,000 sun rushe. Hukumomi sun ɗauki wani darasi, domin a farkon shekarun 1990 an rage tsayin mafitar ruwan Tiga saboda kada ta riƙe abin da ya fi ƙarfinta. Wannan misali ne na musibar da aka auna, aka gyara wani abu saboda ita.

To amma mu a ƙauyukanmu fa? Ina aka rubuta cewa a 1988 ruwa ya kai gindin tsamiya kaza, ko ya shafe gonaki daga nan zuwa can? Dattawan da suka gani da idonsu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yaran yau suna yanka filaye a inda ruwa ya taɓa kwana, saboda fili ya yi araha a wurin, kuma babu wanda ya gaya musu dalilin arahar.

Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. A Satumban 1994 ruwan madatsar Alau ya shiga Maiduguri. Shekara talatin cif bayan haka, ranar 10 ga Satumba 2024, madatsar ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin. A nan Kano ma, ranar 30 ga Nuwamba 2021, kwale-kwale ya kife a ruwan Watari a ƙaramar hukumar Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, kuma lodi fiye da ƙima aka ɗora wa alhakin. A 2008 an taɓa yin irin wannan hatsarin a ruwan nan da masu rakiyar biki. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Ruwa ɗaya, hanya ɗaya, shekara goma sha uku a tsakani.

MANYAN RUMBUNAN ƘIDIDDIGA BA SA GANIN ƘAUYENMU

Akwai masu ƙidaya a sama, kuma ya kamata mu san su. Hukumar NEMA da aka kafa a 1999 ita ce ta ba da alƙaluman ambaliyar 2012: mutum 363 sun rasu, fiye da miliyan 2 sun bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, waɗanda suka rasa matsuguni sun haura miliyan ɗaya. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya a cikinsu. A jiha muna da SEMA, muna da Hukumar Kashe Gobara wadda take sanar da adadin kiran gobara da na ceto da ta amsa. A hanya akwai hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988.

A duniya kuma, a watan Maris 2015 ƙasashe 187, har da Najeriya, sun amince da wata yarjejeniya a birnin Sendai na Japan a kan rage asarar da bala'o'i suke jawowa zuwa shekarar 2030. Abu na farko da suka sa a gaba shi ne fahimtar hatsarin kansa: me yake faruwa, a ina, yaushe, wa yake ci.

Ga inda gizo yake saƙar. Babban rumbun ƙididdigar bala'o'i na duniya, wanda ake kira EM-DAT, yana wata jami'a a ƙasar Beljiyam. Kafin su shigar da wata musiba sai ta cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa: mutum 10 ko fiye sun rasu, ko ta shafi mutum 100 ko fiye, ko an ayyana dokar ta-ɓaci, ko an nemi agajin ƙasashen waje. To ka ga yaranmu uku na kududdufi ba za su taɓa shiga wannan littafin ba. Matar da katangar ƙasa ta danne cikin marka ba za ta shiga ba. Rumbun da wuta ta cinye a hunturu, ɗan acaɓan da tirela ta take a kwana, yaron da ya faɗa rijiya marar marfi, duk sun yi ƙanƙanta a wurinsu. Alhali idan ka tara irin waɗannan cikin shekara goma a gari ɗaya, za ka iya samun sun fi ambaliya guda ɗaya ɓarna.

Masana a Kudancin Amurka sun lura da wannan giɓin tun cikin shekarun 1990, suka ƙirƙiro wani tsari mai suna DesInventar wanda yake rubuta har ƙananan musibu gari-gari. Abin da suka gane shi nake so mu gane: ƙaramar musiba mai maimaituwa ita ce take cinye talaka, kuma babu mai ƙirga ta sai wanda yake zaune a wurin.

WAƊANDA SUKA ƘIRGA SUKA GA AMFANI

Misali biyu sun ishe mu.

A 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a unguwar Soho a birnin Landan, ta kashe fiye da mutum 600. Mutane suna cewa gurɓatacciyar iska ce. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana binciken inda kowa ya rasu. Sai ga mace-macen sun taru a kewayen famfo guda ɗaya. Ya kai wa hukuma, aka cire hannun famfon. Ba shi da kwamfuta, ba shi da waya. Takarda ce da alƙalami da ƙafa. Irin aikin da dattijon nan mai haƙa kabari ya yi mini ke nan, sai dai shi a ka ya riƙe.

Na biyu Bangaladash, ƙasar Musulmi, talakawa irinmu, masu zama a bakin teku. A Nuwamban 1970 guguwar teku ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin. A Afrilun 1991 wata ta kashe kusan 138,000. A Nuwamban 2007 guguwar Sidr, mai ƙarfi ƙwarai, ta zo, waɗanda suka rasu dubu uku da 'yan ɗari ne. Ba guguwar ce ta yi sanyi ba. Sun duba inda aka fi mutuwa suka gina mafaka masu tsayi a wurin, waɗanda ake amfani da su a matsayin makarantu a sauran lokaci. Sun horar da dubban 'yan sa-kai, suna amfani da lasifikar masallatai wajen gargaɗi. Da suka rarraba alƙaluman 1991 sai suka ga mata da yara sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba, don haka suka shigar da mata cikin masu kai gargaɗi gida-gida. Da jimla kawai suka riƙe, da ba su ga wannan ba.

LITTAFIN MASALLACI

Yanzu ga abin da nake kira gare shi, kuma na fara shi a masallacinmu kafin in rubuta muku.

A kowane gari babu wanda ya fi liman da mai unguwa sanin wanda ya rasu da yadda ya rasu. Gawa ba ta zuwa maƙabarta sai ta bi ta gabanmu. Gobara ko rushewar gida ba ta kwana ba a sanar a masallaci an nemi taimako ba. Labarin yana zuwa mana, rubutawa ce kawai ba ma yi.

A sayi babban littafi mai ƙwarin bango, irin wanda ake rajistar ɗalibai. A ja layuka bakwai:

1. Kwanan wata, na Hijira da na Miladiyya duka biyun. Dalili kuwa, damina da hunturu rana suke bi, watan Musulunci kuma yana ja baya da kusan kwana 11 duk shekara. Idan ka rubuta Safar kaɗai, bayan shekara goma ba za a san ko marka ce ko bazara ba.

2. Lokaci: asuba, hantsi, la'asar ko tsakar dare. A rubuta ko ranar kasuwa ce.

3. Wuri, da sunan da mutanen gari suke kiransa: kududdufin bayan makaranta, kwanar gidan mai, mashigin rafi.

4. Abin da ya faru: ambaliya, iska, gobara, rushewa, nutsewa, hatsarin hanya, saran maciji, amai da gudawa, faɗawa rijiya.

5. Wanda abin ya shafa: namiji ko mace, shekarunsa, ya rasu ko ya ji rauni. Ba sai an sa suna ba.

6. Asarar dukiya: ɗaki nawa, dami ko buhu nawa, dabba nawa, gona nawa.

7. Sanadi na zahiri, gwargwadon abin da shaidu suka gani.

A rubuta har wanda ya tsira da ƙyar. Yaron da aka ciro da rai daga rijiya gargaɗi ne kyauta daga Allah, rijiyar tana nan tana jiran na gaba.

A ɗora wa mutum biyu alhakin littafin, misali na'ibi da wani malamin makaranta. A sa wata malama daga Islamiyyar matan aure ta riƙa kawo na cikin gida, domin ƙunar ruwan zafi da gobarar murhu da faɗuwar yaro a randa ko bokiti mata ne suka fi sani. Kowane ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin da waya, don kada littafin hana musiba shi ma ruwa ko gara su cinye shi.

Kafin a fara na yau, a zauna da dattawa bayan sallar Isha'i a cike shafukan baya. Baba, shekarar Bagauda ina ruwa ya tsaya? Wace shekara ce iska ta yaye rufin masallaci? A je wurin, a sa alama da fenti a jikin bango ko dutse. Wannan alamar kaɗai za ta iya hana wani gina ɗakin 'ya'yansa a hanyar ruwa.

YADDA AKE KARANTA LITTAFIN

Rubutu ba tare da dubawa ba wahala ce kawai. Sau biyu a shekara a zauna: kafin faɗuwar damina, da bayan kaka kafin sanyi ya kankama. Liman, mai unguwa, shugaban matasa, ma'aikacin asibitin gari, wakilin direbobi da 'yan acaɓa, wakilin makiyaya. A yi wa littafin tambaya uku: a ina abin yake maimaituwa, a wane lokaci, kuma su wa yake ci?

Amsar ce za ta faɗa muku aikin. Idan rushewar katanga tana zuwa ne cikin Agusta, to gayyar yaɓe da gyaran indararo da yashe magudanar ruwa a Mayu za a yi ta, a fara da gidajen zawarawa da tsofaffi da marayu. Idan gobara a Disamba da Janairu take taruwa, cikin dare, to huɗubar kaskon jin ɗumi da ajiye fetur a ɗaki a Nuwamba ya kamata a yi ta. Idan nutsewa yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar take ci, to maganar ta malaman tsangaya da iyaye ce, sannan a killace wurin ko da ƙaya ce. Idan hatsarin hanya a ranar kasuwa yake yawa a wuri ɗaya, to ga hujjar neman alama ko tudun rage gudu.

Mu da muke kan titin Kano zuwa Zariya, ga Kwanar Dangora da hada-hadarta, ga hanyar da ta bi Tudun Wada ta ratsa Falgore, mun san yadda kwalta take cin mutane. Ranar 31 ga Mayu 2025 motar 'yan wasan Kano masu dawowa daga gasar ƙasa a Ogun ta faɗa daga kan gada a wannan titi na Zariya, fiye da mutum 20 suka rasu. Duniya ta ji wannan. Na ɗaya-ɗaya da bibbiyu da muke kwasa a bakin titi fa, wa yake jin su? Ga kuma abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Watanni uku bayan haka aka maimaita irinsa a Dikko ta jihar Neja. Duk garin da tanka take wucewa ta cikinsa yana buƙatar a yi wa matasansa wannan karatun tun kafin ranar ta zo.

Sannan a haɗa littafinmu da hasashen hukuma. Idan an ce bana ƙaramar hukumarmu tana cikin jerin masu fargabar ambaliya, su iyakar abin da za su iya faɗa ke nan. Littafinmu ne zai ce wane lungu, wane gida, wace makaranta za a kai mutane, wa zai ɗauko tsohuwar da ba ta iya tafiya, wa yake riƙe da makullin lasifika idan abin ya zo da tsakar dare.

Akwai wata fa'ida kuma. Wanda ya je sakatariya ya ce ruwa yana damunmu, za a ce masa Allah Ya kyauta. Wanda ya je da takarda mai kwanan wata da wuri da adadi, da sa hannun dagaci da liman, maganarsa tana da nauyin da ba a iya turewa cikin sauƙi.

AMANA UKU

Na farko, gaskiya a lamba. Mun sani, idan aka ji za a kawo tallafi, gida goma da suka rushe sai su koma hamsin, a cusa sunan ɗan uwa da na suruki. Wannan shaidar zur ce, kuma cin haƙƙin wanda gidansa ya rushe da gaske ne. Illarta ta wuce nan: idan lambobinmu ƙarya ne, maganin da za a gina a kansu ma ƙarya zai zama. Haka kuma kada a rage don kare sunan gari. Ɓoye amai da gudawa saboda kunya ya fi cutar kanta hatsari.

Na biyu, rufin asiri. Littafin nan ba na neman mai laifi ba ne. Uwar da ɗanta ya faɗa rijiya tana da abin da ya ishe ta, kada a ƙara mata da yawo da sunanta. Kada a ɗora hoton gawa ko na mai rauni a intanet. Adadi da wuri da sanadi muke nema.

Na uku, haƙuri wajen yanke hukunci. Shekara ɗaya ba ta isa a ce an gane komai ba. Babban gari zai fi ƙaramin ƙauye yawan haɗurra saboda yawan mutanensa, wannan ba ya nufin ya fi hatsari. Kuma idan aka yi shekara uku ruwa bai shigo ba, kada a ce ya daina. Tsakanin ambaliyar Alau ta farko da ta biyu, an haifi yara sun girma har sun yi aure.

KAMMALAWA

Shi wancan kududdufin, mun je da mai unguwa da matasa mun kewaye gefen mai zurfi, masu bulo sun yarda sun koma wani wuri, malaman tsangaya sun hana yara zuwa wanki can sai da babba. Ba na cewa mun hana mutuwa, ajali yana hannun Allah. Amma idan aka tambaye mu gobe me muka yi bayan yaro na uku, muna da amsa. Bayan na farko da na biyu kuwa, ni dai ina neman gafarar Allah.

Ɗan uwa, idan kai liman ne, sayi littafin nan cikin makon nan. Idan ba liman ba ne, ka je ka sami limaminku cikin ladabi ka karanta masa wannan, ka ce kai za ka riƙa rubutawa. 'Yar uwa malamar Islamiyya, na cikin gida yana hannunki. Kuɗin littafin bai kai na likkafani ɗaya ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa da wuta da hanya suka ci, Ya karɓi shahadarsu, Ya ba iyayensu haƙuri. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye garuruwanmu, Ya sa mu cikin masu ɗaukar darasi.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.